Abin da Maikano Ya Faɗa Gaban Kumandan

Litinin, 7 ga Afrilu 1941, bayan la'asar

Yau ma sun daki yaron nan. Ina zaune a biro, ofishinmu, ina jin saukar bulala ta taga, sai da aka kai ta tara sannan na aje alƙalami na fita. Ɗantala, babban gardin kaso, wato shugaban masu gadin kurkuku, yana tsaye a kansa yana haki kamar shi aka daka. Na tambaye shi laifin me. Wai ya ce ya tashi ya ɗauki tulu, shi kuwa ya zauna ya toshe kunnuwa da tafin hannu yana ta surutu. Na ce, to wanda ya toshe kunne ta ina zai ji umarninka? Ya ce in koma wurin takarduna, kaso ba gonata ba ce. Ɗantala ke nan, wanda na sani ko wandon kirki ba shi da shi kafin a ɗora masa jar hula.

Bari in rubuta yadda abin ya faro don kada in manta. Sunan yaron Maikano, daga wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari, shekarunsa ba su wuce sha bakwai ba. Wata guda da ya wuce ya hau turken wayar tangarahu da gatari ya datse ta. Bai gudu ba. A gindin turken aka same shi zaune yana murmushi. Aka kawo shi nan Dogon Dutsi, kumandan ya yi masa shari'a, ni na yi tafinta kamar kullum. Takarda ta ce ɓarawo ne, ya yanki waya don ya ɗana wa zomaye tarko, an yanke masa shekara guda da aiki. Abin da takarda ta ce ke nan.

Ni Sanusi, shekara sha huɗu ina tsaye tsakanin bakin Nasara da kunnen talaka. Da Hausa nake rubuta wannan littafi, da baƙaƙen da na koya a lakkal, makarantar Nasara, don ko ya faɗa hannun Mai Lofe ba abin da zai tsinta. Mai Lofe shi ne kumandan, sunan da gari ya sa masa, tun da lofen taba ba ya barin bakinsa ko yana yanke wa mutum hukunci.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Uwarsa ta zo. Hasiya sunanta, doguwa, busasshiya, da ƙasa ta tako tun daga ƙauyensu. Ta shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke ƙofar bariki ta zauna. Da na zo wucewa ta tashi ta tare ni.

"Tafinta, ba roƙon arziki ya kawo ni ba. Ɗana ba ɓarawo ba ne, lahiya ce bai da ita. A ba ni shi in kai shi gida."

Ta ce damina biyu ke nan abin yana kansa, tun da ya dawo daga aikin tilas na kafa turakun wayar nan. Wai yana jin waya tana kiran sunansa. A gida ta san yadda take yi da shi: ta jiƙa auduga da man kaɗe ta cusa masa a kunne, ta kai shi gona mai nisa da hanya, in abin ya taso ta dafa kansa har ya lafa. Akwai wata tsohuwa 'yar bori a wajen Tibiri da ta ce a kawo shi ta gwada. Ni ban ce iska ce ba, ban ce ba ita ba ce. Na dai san mara lafiya in na gan shi, kuma ko makaho ya ji muryar yaron nan ya san ba daidai yake ba.

Na ce mata ta yi haƙuri, zan duba. Me zan ce?

Alhamis, 10 ga Afrilu, da azahar

Tana nan gindin gawo. Na bi ta ƙofar baya.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Abin kunya a tsakiyar gari, gaban baƙi 'yan cin kasuwa. An fito da 'yan kaso ɗiban ruwa, an jera su a igiya guda. Hanyar rijiya kuwa ta ƙarƙashin waya take bi, kowa ya sani, har jakunan gari sun sani. Suna isa wurin yaron ya saki tulu ya fashe, ya durƙusa ya rufe kai yana cewa ta yi shiru, ta yi shiru. Igiya ta ja na gabansa da na bayansa suka zube. Mutane suka taru suna dariya. Manya fa, masu gemu, har da wani ɗan kasuwa da ke zama sahun farko a masallaci, yana riƙe ciki yana cewa a sake. Allah wadaran wannan hali.

Ɗantala ya ce iskanci ne, don kada ya yi aiki. Na ce wane mai wayo ne zai sayi bulala ashirin don ya huta da tulu guda? Ya ce ai ni na fi kowa sanin lafiyarsa lau, tun da a gabana ya amsa laifinsa tiryan-tiryan. Na bar wurin, rana tana da zafi.

Ba shi ne na farko ba, abin da ke cin raina ke nan. A shekarun nan na ga samari irinsa sun fi goma sun shiga ɗakin can. Akwai wanda ya cinna wa rumbun ubansa wuta yana waƙa. Akwai wanda ya kwashe takalman masallaci ya jera su bakin tafki yana yi musu huɗuba. Duk aka rubuta su ɓarayi da masu taurin kai. A takardar Nasara akwai wurin suna, akwai wurin laifi, akwai wurin hukunci, babu wurin da za a rubuta cewa yaro ba shi da lafiya. Wanda ya zana takardar bai taɓa haihuwa ba, na rantse.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na yi wa Mai Lofe maganar. Na zaɓi lokacin da ya sha gahawarsa, na shigo da ita a hankali, na ce uwar yaron tana ƙofa, mutane suna cewa yana da taɓin hankali, ko za a sallame shi ga danginsa. Bai ko ɗago ba. Ya sa aka ɗauko takardar shari'a ya karanta mini da ƙarfi, yana bin layi da gindin lofe. Tambaya, amsa. Tambaya, amsa. Ya ce mahaukaci ba ya amsa tambaya haka. Ya ce wanda ya san zomo, ya san tarko, ya san neman ahuwa, ya san abin da yake yi. Ya ce in gaya wa matar ta tafi gida.

Amsoshin sun yi kyau ƙwarai a takarda. Ba wanda zai karanta su ya ce ba mai hankali ya yi su ba.

Ban gaya mata ta tafi ba. Na ce kumandan yana dubawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Matata Zalihatu ta kai wa Hasiya tuwo ba ta tambaye ni ba. Da ta dawo ta ce, Malam, me ya sa kwana biyu ba ka bi ta gaban bariki? Na ce mace ta kula da tukunyarta. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi, shekara goma sha ɗaya ina shan sa.

Talata, 15 ga Afrilu, da la'asar

Sun ƙwace audugar! Uwar ta roƙi wani gardi ya miƙa masa ɗan ƙullin auduga da man kaɗe, yaron ya cusa a kunne, jiya har ya ci abinci, har ya share fili. Yau Ɗantala ya gani ya sa aka danne shi aka zaro ta da tsinke. Wai doka ta hana ɗan kaso riƙe kaya. Auduga! Abin da bai kai kan yatsa ba. Na ce ya nuna mini dokar. Ya ce in nuna masa dokar da ta ce a bari. Ga wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba yana ja da ni a kan doka.

Tun daga nan yaron yake buga kai a bango. Ina jin sa daga teburina, dum, dum, kamar ana daka a gida mai nisa. Na rufe taga, zafi ya ishe ni, na buɗe.

Laraba, 16 ga Afrilu, da safe

Lokotoro, likitan Nasara, ya biyo rangadi. Na yi murna, na ce ga mai ido ya zo. Aka jera 'yan kaso. Ya duba harshen Maikano, ya ja fatar idonsa, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya ce ya isa aiki. Ko minti biyu bai yi ba. Hauka a harshe take zama? Na matsa na ce masa a tambayi yaron wani abu a ji. Ya ce ya karanta takardar shari'a, ba ya da lokaci, mota tana jiransa.

Takarda, takarda. Kowa takarda.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Yau tsohon tafinta Yaro nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa, wanda na gaji aikin nan a hannunsa. Ranar da na fara ya ja ni gefe ya ce, ɗana, magana ɗanya ba a kai ta gaban Nasara, sai ka dafa. Baƙauye zai faro daga kakansa, ya bi ta rijiya, ya bi ta akuyar maƙwabci, kafin ya iso ga abin da aka tambaye shi Nasara ya hasala. Kai ne za ka tsince tsakuwa, ka zubar da dussa, ka miƙa masa tsaba. In mutum ya yi zagi ka ce ya gode. In ya yi shirme ka nemo masa ma'ana, don in ka kai shirme, kai za a ce ba ka iya Faransanci ba.

Da wannan na yi shekara sha huɗu, kuma wallahi na ceci mutane da shi. Nawa ne suka zagi kumandan a gabansa suka koma gida lafiya? Su zo su faɗa. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce Sanusi na gode, amma in abu ya ɓaci, tafinta ne mai baki biyu. Ni aikina na yi.

Jumma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

Umarni ya zo daga Dosso. Litinin ta sama, 28 ga wata, a fitar da 'yan kaso ashirin su share daji a ƙarƙashin waya, daga nan har Ɗan Kassari, kafin ruwa ya sauka. A can za su riƙa kwana, a gindin turaku. Ɗantala ya kawo sunaye in kwafe. Na bakwai Maikano.

Na ce masa, kai, ka ji tsoron Allah. Yaron da ba ya iya wuce ƙarƙashinta sau ɗaya za ka kai ya yini ya kwana a gindinta mako uku? Ya ce kumandan ne da kansa ya sa sunan, wai wanda ya yanke waya shi ya fi cancanta ya yi mata bauta, ya zama darasi. Har dariya suka yi da shi a kan haka.

Na kwafe sunayen. Rubutuna ya yi kyau kamar kullum.

Asabar, 19 ga Afrilu, da la'asar

Ta kama ni a ƙofar baya. Ashe ta gane hanyar.

"Tafinta, anka ce ɗana ya amsa da bakinshi. Ni ban nan randa anka yi shari'a. Kai kana nan. Mi yac ce?"

Na ce abin ya daɗe, shari'u da yawa sun wuce ta kaina. Ta ce ɗanta tun yana ƙarami ko kaza aka yanka gudu yake yi ya ɓuya, ina shi ina tarkon zomo? Ta kafa mini ido. Na ce ana kirana a biro. Ba wanda ke kirana, an riga an tashi.

Wai ni za ta tsare da ido. Ni na kafa turaku? Ni na kama shi? Ni ke riƙe da bulala?

Litinin, 21 ga Afrilu, da azahar

Bugun bango ya tsaya. Ɗantala ya ce ka gani, ya gaji da wasan.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Kwana biyu bai ci ba. Na leƙa ta ramin ƙofa, yana zaune a lungu, goshi ya kumbura, baki yana motsi ba sauti.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Ba wanda zai karanta wannan sai ni, to me nake ɓoyewa?

Ranar shari'a yaron bai ce zomo ba. Bai ce tarko ba, bai nemi ahuwa ba. Ni na ce. Kumandan ya tambaye shi don me ya yanke waya, ya yi magana doguwa, ta mara lafiya, kowane mai jin Hausa a ɗakin ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tsaya da ita a baki ina lissafi. Ana yaƙi a ƙasar Nasara, an rufe iyaka da 'yan Ingilishi, Mai Lofe ko tari aka yi sai ya ce su suka aiko. In na ce waya ce ke yi wa yaro magana, zai ce saƙon wa take kawo masa, a tura shi Yamai gaban soja, daga can kuwa ba kowa ke dawowa ba. Sata ta fi sauƙi. Sai na dafa masa sata.

Haka nake gaya wa kaina wata guda. Gaskiya ce, amma rabi. Ɗaya rabin, a makon shari'ar Mai Lofe ya riga ya daka mini tsawa gaban mutane, ya ce in ban iya aiki ba akwai yara sababbin fitowa daga lakkal. Na ji tsoron in buɗe baki in zuba masa shirme ya ce nawa ne. Na fi son a ce tafinta gwani ne. Garin neman gira na rasa wa ɗan mutane ido.

In na faɗa, aiki ya tafi, watakila ni ma in kwana a ɗakin can, Ɗantala ya samu abin da yake nema. In ban faɗa ba, Litinin za su ɗaure shi a gindin waya. Na gaya wa Zalihatu. Ta ce ta sani tun ranar da na fara bin ƙofar baya. Ta ce gonar ubanta tana nan a Gecheme, ba a taɓa jin gero ya ƙi fitowa don mai shi ya bar aikin bariki ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na shiga, na same shi yana faɗa a kan wasiƙa. Na fito. Gobe.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, da azahar

Ya tafi farauta. Ni ma ban ji haushin tafiyarsa ba, Allah ya gani.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Na faɗa. Na tsaya gaban teburinsa na cire hula na gaya masa duka, cewa amsoshin da ke takarda nawa ne, yaron bai furta ko ɗaya ba. Na zaci zai yi tsawa. Sai ya cire lofe ya dube ni.

"Yaushe ka yi ƙarya, Sanusi? Ranar nan, ko yau?"

Na ce a kawo yaron a tambaye shi, zan juya kowace kalma yadda ta fito, in ya so a kira wani mai jin harsunan biyu ya tsaya a kaina. Ya ce a kawo shi. Gardi biyu suka shigo da shi suna riƙe da hammatarsa. Kumandan ya tambaya don me ya yanke waya, na juya. Shiru. Ya sake, na sake. Na durƙusa gabansa na ce, Maikano, ƙanena, faɗi abin da ka faɗa ran nan, ko kaɗan, don Allah. Ya dubi bakina kamar bai taɓa ganin baki ba. Wata guda yana magana dare da rana ba mai saurare, yau da ake nema ta ƙare.

Mai Lofe ya ce, to fassara wannan.

Da aka fita da yaron ya ce takarda ta riga ta tafi Dosso da sa hannunsa. In wannan ƙarya ce, to duk shari'ar da aka yi da bakina shekara sha huɗu ƙarya ce, shi kuwa ba zai tone rami ya faɗa ba saboda ɓarawon waya. Ya ce bai ji komi ba, in sa hulata in koma aiki. Ko korata bai yi ba! Na shirya wa kora, na shirya wa kaso, ban shirya wa a ce mini ba a ji ba.

Na fita ta ƙofar gaba na je gindin gawo na gaya wa Hasiya abin da na yi. Ba ta zage ni ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaya gefen itacen ta shimfiɗa, ta juya mini baya.

Litinin, 28 ga Afrilu, da safe

Sun tafi. Su ashirin a igiya, shi na bakwai. Na ba wani gardi mai ɗan imani auduga na roƙe shi, ya karɓa yana waige-waige, ban sani ba ko zai ba shi. Uwar ta bi su a baya da ƙwarya a ka. Ɗantala ya kore ta, ta tsaya, suka yi gaba, ta ci gaba da bi. Iska tana kaɗawa, waya tana wannan kukan nata. Shekara biyu ina wucewa ƙarƙashinta ban taɓa lura tana kuka ba sai yau.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Shari'a uku yau. Rikicin gona, satar tunkiya, faɗan rijiya. Na dafa duka.

Alhamis, 1 ga Mayu, da la'asar

Ba labari.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Gardi ya dawo a kan doki da guntuwar igiya da ƙwaryar cin abinci. Ya aje su a kan teburina don a rubuta. An binne Maikano jiya a gefen hanya, tsakanin turke da turke. Na tambayi yadda aka yi, ya ce da rana sun ɗaure shi a jikin turke don ya daina gudu cikin daji, da suka dawo shan ruwa suka tarar. Bai faɗi abin da suka tarar ba, ni ma ban tambaya ba. An hana uwar matsowa sai bayan an rufe.

Mai Lofe ya ce a rubuta zazzaɓi.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ban fita ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Ta dawo. Kumandan ya sa aka shigo da ita don a sanar da ita bisa ƙa'ida, a miƙa mata kayan mamaci. Ya ce in gaya mata zazzaɓi ne, hukuma tana yi mata ta'aziyya. Na gaya mata haka ya ce. Ta karɓi ƙwaryar, ta bar igiyar a kan tebur. Ba ta durƙusa ba.

"Gaya mashi. Kun ɗauki ɗana da hankalinshi ya kahwa maku itace, kunka maido min shi da rabi, ban ce komi ba. Na zo in amshi rabin, kunka hana. Yanzu kun ba ni ƙwarya. Gaya mashi ban yahe ba, har gaban Allah. Kai ma da ka sa mashi magana a baki ban yahe maka ba. Gaya mashi wannan ma."

Mai Lofe ya ce me ta ce. Bakina ya riga ya shirya, shekara sha huɗu ya saba: ta gode, ta rungumi ƙaddara. Har na ja numfashin.

Ɗanya na ba shi. Kalma bayan kalma, da itacen, da rabin, da ƙwaryar, da gaban Allah. Na juya nawa kason ma, na nuna ƙirjina don kada ya yi shakkar wa take nufi. Lofen ya mutu a hannunsa bai sani ba. Ya ce in aje mabuɗin biro in fita. Wannan karon ya ji.

A waje Ɗantala yana washe baki. Ban kula shi ba. Ita ce ta tsaya a gabana, ba ta dubi fuskata ba, ta ce har yanzu ban amsa mata tambayarta ba. Gobe da safe za ta koma gida, tana son ta tafi da maganar ɗanta ta ƙarshe da mutane suka ji.

Talata, 6 ga Mayu, bayan sallar asuba

Jiya na ce mata na manta, ƙarya ne. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba. Zan rubuta a nan, in je gindin gawo in karanta mata kafin ta kama hanya. Kumandan ya ce, don me ka yanke waya? Maikano ya ce:

"Ranka shi daɗe, ni ban taɓa kayan kowa ba. Ita ka kirana. Tun randa munka kahwa itacen nan ta san sunana. In ina gona tana kira, in na shiga ɗaki tana kira, in na yi nisa sai ta biyo iska. Maikano, Maikano. Maganar mutanen Dosso da ta mutanen Ƙonni duk ta cikin kaina suka wucewa, ba su ko sallama. Akwai wata mace ciki tana kuka, an matse ta, ba ta da wurin juyawa. Na ba ta haƙuri ta ƙiya. Na hwaɗa ma inna, ta sa min auduga, auduga ta gaji. Shi ya sa na hau na buɗe masu ƙohwa su hita. Da na sare, duniya ta yi tsit, har na ji kukan kurciya. Ranka shi daɗe, ka taɓa jin shiru? Don Allah kada a ɗaure ta kuma. In an ɗaure, a kai ni inda babu ta. A kai ni wurin inna. Barci nika so."

Abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa na juya na ce wa kumandan: ya ce tarkon zomo zai yi da ita, yana neman ahuwa.